Muhawara a zauren ƙungiya: mu tura yaran Jega horon kimiyya a Abuja, ko mu gyara ɗakin gwajinsu?

Sakatare:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da izinin Shugaba nake kawo wannan batu zaure, domin wa'adin tura sunaye zai cika kafin taronmu na ƙarshen wata. Takarda ta zo mana daga shugabannin makarantun sakandare biyu na nan Jega, ta maza da ta mata, cewa ɗalibansu takwas 'yan aji biyar sun ci jarrabawar tantancewa ta wani horon kimiyya na mako biyu da za a yi a Abuja cikin dogon hutu. Masu shirin sun ɗauki nauyin koyarwa da kayan aiki, amma kuɗin mota da masauki da abinci da farar rigar ɗakin gwaji suna wuyan iyaye. Iyayen yara biyu sun ce za su iya. Sauran shida, mata uku da maza uku, iyayensu sun ce ba hali, kuma su ne ake roƙon ƙungiya ta tallafa wa. Muna neman ra'ayin kowa, na gida da na waje.

Ma'aji:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, ya kamata zaure ya san abin da ke asusu. Idan muka lissafa zuwa da dawowa da zaman mako biyu, abin da muke da shi ba zai wuce ɗaukar yara huɗu ba, kuma wannan kuɗi shi ne muka saba taɓawa duk shekara mu biya wa marayu kuɗin jarrabawar NECO. Ba na adawa da tafiyar, amma ina so duk wanda zai ce a tura su ya faɗa mana kuma inda kuɗin marayun zai fito idan lokacinsa ya zo.

Baba Malam:
Malam Sakatare, Allah ya saka da alheri da ka kawo maganar a fili. Ni a ɗakin gwajin Kimistiri na ƙare aikina har na yi ritaya, saboda haka ba wanda zai fi ni murnar ganin yaron Jega sanye da farar riga a Abuja. Duk da haka ra'ayina shi ne kada a tura su da kuɗin ƙungiya, kuma zan faɗi dalili.

Jarrabawar WAEC da ta NECO duk suna da takardar aikin gwaji a Kimistiri da Fizis da Bayoloji, kuma a Kimistiri kusan kowace shekara sai an yi taitireshan. Aikin ba wuya gare shi ba: a zuba asid a cikin buret, wato dogon bututun gilashin nan mai awo da famfo a ƙasa, a auna alkali a kwalba, a ɗiga masa ruwan da ke sauya launi, sannan a riƙa sakin asid ɗin ɗigo-ɗigo ana kaɗa kwalbar har ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ja-ja. Amma na sha tsayawa a kan yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsu ya taɓa buret. Sai ka ga yaro ya buɗe famfon gaba ɗaya, asid ya kwarara, launi ya wuce kafin ya ɗago kai, ya tsaya yana kallon kwalba hannunsa na rawa. Yaron nan ya haddace lissafin a allo, ya san amsar da baki, hannunsa ne kawai bai taɓa koyo ba. Irin waɗannan yara ɗaruruwa ne a makarantun nan biyu, ba shida ba. Kuɗin da zai kai huɗu Abuja zai sayi buret da fifet, wato bututun auna ruwa, da sinadaran da aji guda zai yi shekara yana aiki da su. Wannan shi ne abin da na ga ya fi cancanta da guminmu.

Injiniya:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Da yawanmu a nan kai ka koyar da mu, kuma ba mai musun abin da ka gani da idonka. Sai dai ina roƙon a duba wani ɓangare. Sayen kayan ɗakin gwaji haƙƙi ne na gwamnati da ma'aikatar ilimi, kuma muna da bakin da za mu je mu tuna musu. Amma babu wata hukuma da za ta biya wa ɗan manomin Jega kuɗin mota zuwa horon da ya ci jarrabawarsa da ƙoƙarin kansa. Idan ba mu yi ba, gurbin zai koma ga yaron wani gari da iyayensa ke da hali.

Sannan abin da yaro ke samu a irin wannan wuri ya wuce taɓa gilashi. Zai zauna da sa'o'insa daga Legas da Inugu da Jos, ya ga cewa tambayar da ta gagare shi ta gagare su, wadda ya sani kuma wasunsu ba su sani ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda manoman fadamarmu suka fara komawa injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Idan injin ya tsaya, sau da yawa matsalar waya ce da ta saki ko faranti da ƙura ta rufe ko haɗin da aka yi ba daidai ba, amma sai manomi ya yi kwanaki yana jiran mai gyara daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, shinkafa tana ƙishi. Yaron da ya iya riƙe mita ya auna abin da faranti ke bayarwa zai warware wannan cikin awa guda. Ina so a samu irin waɗannan yara a garin nan, kuma sha'awar abin daga irin wannan fita take farawa.

Baba Malam:
Injiniya, mitar da kake magana ana sayar da ita a kasuwa, kuma kai da kanka za ka iya koya wa yara arba'in amfani da ita a ranar Asabar ɗaya ba tare da kowa ya hau mota ba. Kano ba da tura ɗaiɗaikun yara ta samu likitoci da injiniyoyinta ba. A 1977 ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta zuba musu malamai da kayan aiki, shi ya sa har yau ake cin moriyarsu.

Hajiya Malamar Asibiti:
Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure. Baba Malam, abin da Kano ta yi aikin gwamnatin jiha ne, mu kuwa ƙungiya ce mai tara kuɗin wata-wata, dole mu auna abin da hannunmu zai kai. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan matan nan uku.

Duk wanda ya yi aiki a asibitin karkara ya san matan da ke ƙin zuwa awo, ko mazansu su hana su, saboda namiji ne zai duba su. Maganin wannan shi ne 'ya'yanmu mata su zama ungozomomi da malaman jinya da likitoci, kuma ba mai shiga waɗannan makarantu sai da sakamako mai kyau a Kimistiri da Fizis da Bayoloji, ban da Turanci da Lissafi. Yarinyar da ta kai aji biyar a ajin kimiyya a garinmu, har ta ci jarrabawar da aka yi da yaran wasu jihohi, ta riga ta tsallake abubuwa da yawa da ba sai na lissafa ba. Idan ta ga dattawan gari sun tara kuɗi sun ce ta je, mahaifinta ma zai kalli karatunta da wani ido, kuma mai yiwuwa ya bar ta ta ƙarasa.

Ina kuma tuna wa zaure abin da ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, suna sa hannu a baki. Iyaye suna ganin 'ya'yansu na suma suna mutuwa ba su san dalili ba, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka lura, aka gwada jini da ƙasa, sannan aka gane. A yankin Yauri ma ana haƙar zinariya. Ilimin da zai sa mutum ya yi zargin ƙurar dutse ba ya wuce na sakandare, in dai an koyar da shi da kyau kuma akwai mai shi a cikin gari.

Kawu Alhaji:
Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne, ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ne yake rubuta mini abin da nake faɗa. Duk na ji bayananku, amma ba wanda ya yi maganar hanya. Daga nan zuwa Abuja sai an bi Koko da Yauri da Kontagora da Minna, yini guda cur a mota, kuma direbobinmu da ke bin ta da kaya sun san wuraren da ba a wucewa idan rana ta yi sanyi. Ba mu manta da ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri da aka kwashe a watan Yunin 2021 ba, ko 'yan matan Jangebe a watan Fabrairun shekarar. 'Ya'yan mutane amana ne. Idan ƙungiya ta sa hannu a tafiyar nan, to ta ɗauki amanar, kuma ba za a ce mun ba da kuɗin mota mun juya baya ba. Ina so in ji wa zai raka su, wace mota za su shiga, ƙarfe nawa za su tashi, kuma a ina za su kwana idan dare ya riske su.

Sakatare:
Kawu, tambayarka a kan hanya take. Takardar ba ta ce komai ba game da rakiya, ta ce kawai kowace makaranta ta kawo ɗalibanta ranar buɗewa. Zan tuntuɓi shugabannin makarantun gobe da safe in Allah ya kai mu.

Ɗalibin Aliero:
Ina neman afuwar iyayena da na sa baki, ni ne ƙarami a nan. Ina aji uku a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, kuma a ɗaya daga cikin makarantun nan biyu na gama. Abin da Baba Malam ya faɗa gaskiya ne. A shekararmu ta farko, malami ya ce mu ɓare siririyar fatar cikin albasa, mu shimfiɗa ta a gilashi, mu ɗiga aidin, mu duba a maikiroskof, wato madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Waɗanda suka fito daga makarantun da ke da kayan aiki sun gama cikin minti kaɗan, mu kuwa ko daidaita madubin ba mu iya ba. Da na samu ya daidaita, na ga ƙwayoyin halittar a jere kamar tubalin gini, kowace da ɗigonta a ciki, sai na yi ta mamakin cewa a garin albasa na tashi amma sai a jami'a na fara ganin wannan.

Amma abin da Hajiya ta faɗa shi ma gaskiya ne, domin ni ban san akwai wani abu wai shi gasar kimiyya ta ƙasa ba sai da na bar sakandare. Akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja da ke shirya gasar Olimfiyad, akwai kulob ɗin JETS na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da fasaha da ya kamata a ce kowace makaranta tana da shi, namu kuwa suna ne kawai a takarda. Shawarata ita ce a tura su, amma da sharaɗin idan sun dawo su tayar da kulob ɗin. Mu ɗaliban Jega da ke Aliero ba mu da nisa, za mu iya zuwa ranar Asabar mu taimaka.

Ma'aji:
Idan har za a tura huɗu daga cikin shida, akwai wata magana da wasu suka yi mini a waya, gara in kawo ta nan. Biyu daga cikin yaran 'ya'yan membobinmu ne masu biyan kuɗin wata ba fashi, kuma ana ganin ya dace a fara da su.

Hajiya Malamar Asibiti:
Yaya Ma'aji, na gode da ka fito da ita fili, amma ban yarda da ita ba ko kaɗan. Kuɗin wata da muke biya ba adashe ba ne da kowa zai jira kwasarsa. Ranar da aka ce ƙungiyar nan 'ya'yanta take fara ɗauka, ranar ce mutanen gari za su daina ba mu ko sisi idan mun fita neman taimako. Makarantu suna da makin da kowane yaro ya ci a jarrabawar tantancewa, a karɓo shi a bi shi, ɗan kowa ne.

Injiniya:
Ina bayan Hajiya a kan wannan. Ƙari ɗaya kawai: a ware maki na mata daban, na maza daban, a ɗauki biyu-biyu, domin kada a wayi gari duka huɗun ɓangare ɗaya ne.

Malama:
Assalamu alaikum. Ni ce nake koyar da Bayoloji a makarantar 'yan matan, kuma yaran nan uku a hannuna suke tun aji huɗu. Na yi shiru ne ina karantawa saboda ina da ruwa a maganar. Kawu Alhaji, idan ƙungiya ta amince, ni zan raka su, na riga na yi magana da maigidana ya yarda, kuma ina da 'yar'uwa a Suleja da zan zauna wurinta, ba sai an biya mini masauki ba. Na je gidajen yaran ukun. Mahaifin ɗaya ya ce mini kai tsaye ba kuɗi ne kaɗai ya hana shi ba, ba zai bar 'yarsa ta kwana a wani gari ba tare da babbar mace da ya sani ba. Da na ce zan je, sai ya ce to a ba shi kwana biyu ya yi shawara da 'yan'uwansa.

Baba Malam, kai ka koya mana cewa ruwan zoɓo ma yana nuna asid da alkali: a matsa masa lemun tsami ya ƙara ja, a jefa masa kanwa ya rikiɗe ya yi duhu ya koma kore-kore. Har yau da shi nake nuna wa ɗalibaina, domin shi muke da shi. Saboda haka na san zafin rashin kayan aiki kamar yadda ka san shi. Amma ina ganin maganarka da ta masu son a tura ba kishiyoyi ba ne. A ƙasar nan tamu Nana Asma'u ta yi irin wannan tsari tun ƙarni na 19: jajis suna zuwa wurinta daga ƙauyuka su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan garuruwansu, ta haka ilimin 'Yan Taru ya kai inda ita ba ta taka ba. Idan yara huɗu suka je suka dawo da littafin aikinsu, ni da abokin aikina na makarantar maza za mu zauna da su mu fitar da gwaje-gwajen da za a iya maimaitawa da abin da ke garin nan, su kuma su tsaya gaban 'yan'uwansu su nuna. Yaro yakan ji maganar sa'ansa fiye da tamu.

Baba Malam:
Malama, Allah ya yi miki albarka, kin yi magana mai nauyi. Abin da nake tsoro shi ne abin da na sha gani: a tura yara, a ɗauki hoto, a yi walima, su dawo da takardar shaida a rataye ta a ofis, bayan wata biyu ba mai tuna abin da suka koyo. Kuma gwajin da za su maimaita, da me za su maimaita shi idan kabad ɗin ba komai? Zoɓo yana nuna launi, amma ba zai koya wa yaro karanta awon buret ba. Idan zaure ya rinjaya a kan tafiya ba zan tsaya a hanya ba, amma ina roƙon kada a rufe maganar nan ba tare da an sa wani abu a ɗakunan gwajin biyu ba, ko da buret goma-goma ne.

Kawu Alhaji:
Tunda Malama za ta je, hankalina ya kwanta rabi. Sauran rabin kuma na ɗauke shi a kaina: ba za su shiga motar tasha ba. Zan ba da motata da direbana wanda ya shekara da shekaru yana bin hanyar, man zuwa da dawowa a kaina, su tashi bayan sallar Asuba, idan kuma La'asar ta same su ba su wuce Minna ba to su kwana can wurin abokin cinikina. Abin da nake nema a wurin yaran abu ɗaya ne. Duk shekara muna zuba albasa a rudu muna jiran farashi ya tashi, idan aka buɗe sai a tarar wani kaso ya ruɓe wani ya tsiro, kuma haka iyayenmu suka yi ta asara. Su tambayi malaman can abin da ke kawo wannan, ko danshi ne, ko zafi, ko rashin iska, ko tun daga gona ne ba ta bushe da kyau ba, su zo su faɗa mana da Hausa.

Ma'aji:
Alhamdu lillahi. Idan an cire kuɗin mota daga lissafi, abin da ke asusu zai iya ɗaukar masauki da abincin yara biyar, ko kuma a tsaya a huɗu a bar ragowar ga kayan da Baba Malam ya nema. Maganar marayu dai tana nan, ban ji wanda ya amsa ta ba.

Injiniya:
Mu da ke aiki a waje mu ne ya kamata mu amsa ta. Na yi magana da mutum uku yanzu, mun amince za mu mayar wa asusun marayu abin da aka taɓa kafin a buɗe rajistar NECO, kuma Ma'aji ya rubuta sunayenmu ya riƙe mu da alkawarin. Game da biyar ko huɗu, ni na fi son biyar.

Hajiya Malamar Asibiti:
Ni ma zuciyata tana kan biyar, domin ina tunanin yarinya ta uku da za a ce mata ta zauna bayan ta ci jarrabawa. Amma hujjar Baba Malam ta fi ƙarfin son zuciyata. Zan yi magana da matan zaure mu ga ko za mu iya ɗaukar nauyinta a tsakaninmu ba tare da an taɓa asusu ba.

Shugaba:
Assalamu alaikum. Na karanta komai tun daga farko, kuma ina godiya ga kowa, musamman Baba Malam da ya tsaya a kan ra'ayinsa har ya sa muka ga abin da da mun tsallake. Ga abin da na fahimta zaure ya karkata a kai, wanda ke da ja ya faɗa kafin Isha'in gobe. Ƙungiya za ta ɗauki yara huɗu, mata biyu maza biyu, bisa makin da makarantu za su ba Sakatare a rubuce, kuma kowane uba zai sa hannu a takardar amincewa a gaban shugaban makaranta. Malama ce jagorar tafiya, mota da direba daga Kawu Alhaji. Ragowar kuɗin za a miƙa wa Baba Malam da Ma'aji su sayo kayan gwaji, a raba wa makarantun biyu, a rubuta su a littafin kaya da sa hannun wanda ya karɓa. A mako na biyu da komawa makaranta yaran za su yi bayani a gaban 'yan ajinsu, mu ma za mu je mu zauna. Yaro na shida, namijin da zai rage, ban ji an yi maganarsa ba, kuma ba na so a bar shi haka. Ina jiran wanda zai ɗauke shi.

Baba Malam:
Ranka ya daɗe, na karɓa. Zan je makarantun biyu ranar Litinin in buɗe kabad-kabad ɗin da kaina in ga abin da ya rage mai amfani, domin kada mu sayi abin da akwai. Sinadaran kuma ba a gari za mu saya ba, sai wurin masu sayar wa makarantu a Sakkwato, kuma asid mai ƙarfi ba za a ajiye shi ba sai na tabbatar ɗakin yana da makulli kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da shi.

Sakatare:
An rubuta. Malama, don Allah ki sanar da ni amsar mahaifin yarinyar nan da zarar kin ji, domin idan bai amince ba sai mu san wadda ke biye da ita a maki kafin in tura sunaye ranar Alhamis.